Munduwa Tara a Ƙusa Ɗaya

Duk wanda ya san Yola Gari kafin keke mai ƙafa uku ya cika ta, ya san rumfar Bappa Haladu, can bayan kasuwa inda lungu yake karkata ya nufi Makama. In ido bai gan ta ba, hanci zai kai mutum. Sauran maƙera warin gawayi suke yi. Shi kuwa nasa har da na ɓaragurbi da fitsarin saniya, kuma duk a kan sana'a ne, ba ƙazanta ba. To, da ƙazantar ma ɗan kaɗan.

Maƙerin fari ne, wato ba ruwansa da fartanya ko gatari, aikinsa tagulla ce da azurfa. Kakanninsa daga Kano suka zo da fatauci, Binuwai ta yi musu daɗi suka sauke kaya, har ya zamana Haladu ya fi jin Fillanci a kan Hausar kakan nasa. A gaban uban ya tashi yana jan zugazugi, lokacin da amarya ba ta fita sai hannunta ya yi nauyin da ba ta iya ɗaga ludayi. A wancan zamanin in mace ta yar da ɗan kunne ɗaya ko munduwa ɗaya, ba ta zubar da ɗayan. Kawo shi take yi a yi masa ɗan'uwa.

Daga nan ne gidansu ya sami wata al'ada da suke kira gwajin ƙwarya. In an gama ƙera sabon, sai a kwance jan zaren da aka ɗaura wa na ainihin, a jefa su tare cikin ƙwarya, a rufe da tsumma, a girgiza, a buɗe. In idon maƙeri ya tsinci na ainihin, to aiki bai kai ba. In ya kasa, ya zama gwani. Uban Haladu ya mutu bai taɓa kasawa ba. Haladu ma haka, shekara da shekaru, da ya ɗage tsumma sai hannunsa ya tafi kai tsaye kan na asalin, ya yi tsaki ya mayar masa da zarensa. Abokin ciniki dai ba ya ganin bambanci, ya karɓa yana godiya. Amma maƙeri ya sani, kuma abin yana ci masa rai kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Sai kayan kanti suka shigo. Sarƙa mai ruwan zinari, ta yi walƙiya sati biyu ta koma kalar gwangwani, mata kuwa suka ruga mata kamar ana rabon nama. Ƴan matan yanzu in ka ba su munduwar tagulla sai su ce ka ɗaure su da mari. Maƙeran fari suka watse, wani ya koma walda, wani gyaran risho, wani ya tafi gadi a Jimeta. Haladu ya rage a rumfa yana korar ƙuda.

Masu wasan kwaikwayo ne suka cece shi. Wani mai shirya wasa a talabijin ya zo neman maɓallan rigar ɗan doka irin ta zamanin Turawa, da kan ɗamara. Haladu ya zuba su, ya goge da tsamiya da toka har mutum yana ganin haƙoransa a ciki, ya kai yana taƙama. Mutumin ya juya su ya ce, "Bappa, wannan ɗan dokan jiya aka ɗauke shi aiki? Ni wanda ya shekara ashirin yana bin masu haraji nake so."

Haladu ya dawo gida ransa a ɓace. Ya ce wa matarsa Huseina, "Duniya ta ƙare. Ubana ya kashe rayuwarsa yana koya mini fitar da dauɗa, yau ga wani yana so in mayar da ita."

Huseina, wadda bakinta ya fi magagarinsa kaifi, ta ce, "To ai ka samu sana'ar da ta dace da kai, Malam. Dubi wuyan rigarka."

Haka ya shiga koyon tsofar da ƙarfe, ba malami. Ya gano gishiri da ruwan tsami suna cin fuskar tagulla, ɓaragurbi yana baƙanta ta, tururin fitsarin saniya yana ba ta duhu mai zurfi. Yakan binne kaya a turken makwabci, ya tono, ya turara da hayaƙin kashin shanu, sa'an nan ya zauna yana murza su da man kaɗanya a tafin hannu, yana goge wuraren da jiki zai goge da a ce an daɗe ana sawa. Nan fa gwanintar take. Kowane sakarai zai iya baƙanta ƙarfe. Sanin inda shekaru suke lasa da inda suke bari, wannan sai wanda ya kalli hannayen tsofaffin mata tun yana yaro.

Makarantu suka san shi, ƙungiyoyin rawar gargajiya suka san shi. Ya yi lambar ƙirjin Bature, ya yi ƙararrawar ƙafa, ya yi zobban hula, ya yi kan takobin da ba ya yanka ko tuwo. Tagullar kuwa a Jimeta yake nemo ta wajen ƴan gwangwan. Yakan tsuguna cikin tulin tarkace yana tono tsohon kan famfo, mataccen kwaɗo, bututun risho, ya karce da wuƙa ya duba launin ciki, ya ɗan lasa ma in yana shakka. Ya ce famfon zamanin da ya fi na yanzu mutunci, na yanzu rabinsa ƙarya ce, da ya ji wuta sai ya yi kumfa.

Ana nan sai fitinar nan ta taso daga gabas. Shekarar da Mubi ta faɗi, Yola da Jimeta suka cika da mutanen da suka zo da ƙafa, wasu ko takalmi babu. Kowane gida ya yi baƙi. Wasanni suka tsaya cik, wa zai yi rawa? Duk abin da ya yi kama da kayan sarki ya zama abin tsoro, sai da Haladu ya narkar da maɓallan ɗan dokan da suka rage masa, da lambar Baturen, don kada a zo bincike a ce yana yi wa wasu kaki. Ɗaukar buhun ƙarfe daga Jimeta zuwa Yola ma ya zama aiki. A kowane shinge sai an zazzage, soja ya ɗaga kan famfo ya ce, "Baba, wannan fa?" Haladu ya ce, "Famfo ne, ranka ya daɗe. Ruwa ya daina zuwa, shi ne ya yi ritaya."

A lokacin ne wani ɗan gwangwan ya ja shi gefe ya buɗe masa bakin buhu. Kwanson harsashi ne fal, tagulla mai kyau wadda ba ta da algus, irin wadda maƙeri yake mafarki. Haladu ya daɗe yana kallo, don ba ƙarya, ransa ya biya. Sa'an nan ya ce, "Rufe. Abin da ya ci mutum ba zai hau hannun ƴar mutane ta wajena ba." Ya koma kan matattun kwaɗunansa.

Da abubuwa suka ɗan lafa, sai ga Malama Rhoda. Malamar makarantar ƴan mata ce a Jimeta, ita ma danginta gudu ya kawo su, doguwa mai saurin magana, wadda namiji da mace duk ɗaya ne a Hausarta. Ta ce ajinta ya cika da yaran Borno da ba sa magana, ba sa wasa, sai kallon bango. Tana so su yi rawar garinsu a bikin ƙarshen shekara, da shiga irin ta kakanninsu. Zane da kitso an samu masu yi. Munduwa ce babu.

"Guda takwas, Bappa. Kuma kar ya yi ƙyalli. Ya zama kamar kaka ya cire ya ba su."

"Ta cire, Malama."

"Shi ɗin dai. Ka gane ai."

Haladu ya ce bai taɓa riƙe munduwar Barebari ta da a hannunsa ba, ba zai ƙera abin da bai gani ba. Malama Rhoda ta ce ta san inda guda take, in mai ita za ta yarda.

Mai ita Ya Habsatu ce, wata dattijuwa daga Bama, tana zaune a Nassarawo gidan ɗan'uwanta Malam Laminu mai koyar da allo. Da ta fito daga garinsu ba ta ɗauko komai ba sai zanen jikinta da abin da yake hannunta na hagu. Munduwar uwarta ce, uwar ma ta gada. Biyu ne a da. Ranar gudu ta cire ta dama tana wanke-wanke, ta ajiye a bakin randa, kuma randar da gidan da unguwar duk babu su yanzu.

Haladu ya je da kansa, ya tsuguna a zaure, aka yi gaisuwa mai tsawo irin tasu. Ta miƙo hannu ta bayan labule ba ta cire ba. Ya ga abu baƙi wuluk mai kauri, da zanen igiya a murɗe, bakinta biyu kamar kan albasa, gefe guda ya lotsa kaɗan.

"Nan fa?" ya tambaya.

"Turmi. Uwata tana daka ta buge. Ta yi kuka, ba don hannun ba."

Ta ce ba ta taɓa kwana ba ita ba. Malam Laminu ya sa baki, Malama Rhoda ta yi ta roƙo, ta ce don yaran ne. Daga ƙarshe tsohuwar ta murza ta da sabulu ta fitar, wurin ya bar farin zobe a fatarta. Ta ce, "Malam maƙeri, kada ka wanke ta. Baƙin nan da kake gani ba dauɗa ba ce. Zufar uwata ce da hayaƙin ɗakinta. Shi kaɗai ya rage mini da ta taɓa."

Haladu ya ce, "Ya Habsatu, ko ruwan alwala ba zai taɓa ta ba." Tun a zauren ya ciro jan zare ya ɗaura mata.

Bai taɓa yin aiki irin wannan ba, Huseina ma ta shaida, ita da ba ta yabon kowa sai Annabi. Ya danna munduwar a yumɓu mai laushi ya ɗauki siffarta, ya zuba kakin zuma, ya ƙara kauri kaɗan saboda tagulla tana tsukewa in ta huce. Ya bi kowane murɗi da tsinke. Lotsawar turmin ma sai da ya sa wa kowacce. Ya narka famfunan da ya fi ji da su, waɗanda ya daɗe yana ɓoyo. Sa'an nan aka shiga tsofarwa: turke, hayaƙi, ɓaragurbi, har makwabta suka aiko a tambaya ko wani abu ya mutu a rumfar. Ya roƙi turaren wuta irin na Barebari a gidan Malam Laminu ya turara su. Ciki da waje ya yi, har inda ba mai gani.

Huseina ta ce, "Wa zai leƙa cikin hannun yarinya tana rawa?"

Ya ce, "Ni."

Ran da ya gama, da hantsi, ya jera su a tabarma, takwas ga ta tara da jan zarenta. Ya dube su ya sake dubawa. Sai ya ce a miƙo masa ƙwarya.

Huseina ta kawo masa kunu ne, ta tsaya da kwano a hannu. "Malam, wannan ba ɗan kunnen matar mahauci ba ne. Bar zaren nan."

"Haba. Tun ba ki san ni ba nake gwajin nan, ban taɓa kuskure ba."

"To in ba ka taɓa ba, me kake nema a ciki?"

Abin da yake nema ba ya faɗuwa. So yake ya kasa. Abin da ubansa bai samu ba shi yake nema, kuma bai tsaya ya tuna me kasawar za ta jawo ba, saboda a ransa bai yarda za ta zo ba. Namiji in ya tsufa da buri ɗaya, ko rijiya ce a gabansa sai ya ce inuwa ce. Ya kwance zaren, ya zuba, ya rufe, ya girgiza, ya ɗage tsumma.

Hannunsa ya tashi kamar kullum, ya tsaya a sama.

Ya ɗauki wannan ya ajiye. Ya ɗauki waccan. Ya fito da su rana. Ya yi dariya tukuna, dariyar da ya shekara arba'in yana ajiye da ita, ya ce, "Huseina, na kai! Wallahi na kai!" Sai dariyar ta tsinke a tsakiya, don ya ga fuskar matarsa.

Ta ce, "Barka. Ko aiki ya yi kyau, ko ido ya mutu, Allah kaɗai ya sani. Yanzu wacce za ka kai wa baiwar Allah?"

Ba abin da bai gwada ba. Ya auna su, nauyinsu ya sha bamban da juna kaɗan kaɗan, shi kuwa bai auna ta ainihin tun farko ba. Ya buga su a uwar maƙera ya kasa kunne, amma kunnen da masaɓa ta daka tun yana yaro me zai ji? Ya shinshina, duk turare ɗaya, shi ya turara da hannunsa. Huseina ta ce ya zaɓi guda ya kai, tsohuwa ba za ta sani ba. Ba da gaske take ba, gwada shi take yi. Ya ce, "In kai mata famfon gidan wani ta riƙa sumbata tana kiran uwarta?" Ya ƙulle su a tsumma ya hau keke sai Nassarawo.

Ya Habsatu ta saurare shi har ya gama. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta ce a shigo da shi tsakar gida, ta baje su a cinyarta. Ta sa kowacce a hannu ta rufe ido. Amma duk girmansu ɗaya, kowacce ta zauna mata yadda ta saba. Ta daɗe. Can ta ce, "Ka iya aiki, Malam maƙeri. Allah ya isa tsakanina da iyawarka."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce akwai hanya guda. Tagullar da, in aka goge ta, cikinta ya fi ja, ta famfo kuwa fari-fari take. In ya sa tsamiya da toka ya wanke su duka, nan take za a gane.

"Ka wanke uwata don ka nuna mini ita?" ta ce. "In ka goge, me ya rage? Ƙarfe. Ƙarfe kuwa ga shi nan har tara."

Malama Rhoda, da labari ya kai mata, ta zo tana salati irin nasu, ta ce a fasa rawar. Tsohuwar ta ce a'a, yara ba su yi laifi ba. Su sa duka. Akwai wata yarinya da aka bari don munduwa ba ta kai ba, aka ce ta shigo ta zama ta tara.

Ranar bikin Haladu bai ga rawa ba. Mutane suna ta tafi, iyaye mata suna guɗa suna share hawaye, yaran nan da ba sa magana suka juya suna waƙa da harshensu har muryarsu ta dushe. Shi kuwa wuyan hannu kawai yake bi da ido, kada wata ta zame ta faɗa cikin taro. Ya Habsatu tana gefensa a kujerar roba. Ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ɗaya daga cikinsu tana rawa da uwata, ba ta sani ba." Ya rasa ko zagi ne ko godiya. Ina jin ita ma ba ta tantance ba.

Bayan wata ƴan watanni ƴaƴanta suka samu wuri a Maiduguri suka aiko a kai ta. Haladu ya kawo mata duka taran ya ce ta tafi da su, tata tana ciki ko ta yaya.

"In buɗe kanti? In na dubi tara, ban dubi ko ɗaya ba. Kai ka haɗa su, kai za ka raba su. Ran da ka sani, ka aiko. In ba ka sani ba kada ka aiko mini da zato."

Ta tafi hannunta na hagu ba komai.

Ya zuba wa makaranta wasu tara, kowacce ya karce mata alama a ciki. Ƙwaryar gwaji kuwa Huseina ta mayar da ita ta tsakin kaji. Ya kafa doguwar ƙusa a bangon rumfa ya rataye taran nan, yana buɗe ƙofa su ne farkon abin da yake gani.

Damina ta zo da zafin nan na Yola mai sa bango gumi. Wata safiya ya ga ɗaya ta yi wani kore-kore a cikin murɗin, kamar gansakuka. Ya karce da farce, gari ya zubo. Sai ya zauna a ƙasa. Gishirin da ya ci da su ne yake tashi. Tsufan da aka yi da gishiri da tsami bai gama cin ƙarfe ba, yana nan kwance, da ya sha danshi sai ya farka. Tsufan da shekaru suka yi kuwa ya riga ya zauna, ba abin da zai tashe shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da maƙeri ne ya haƙa.

Ya sauke ta ya ajiye gefe. Kafin kaka wasu biyu suka bi ta.

Daga nan Bappa Haladu ya zama mutumin da ba a taɓa gani ba, maƙerin da yake roƙon Allah aikinsa ya lalace. In hadari ya haɗu mutane suna kwashe shanya, shi murna yake yi. Huseina ta ce ya jiƙa su mana a huta. Ya ce ya yi alkawari ko ruwan alwala ba zai taɓa ta ba, kuma bai san wacce ce ita ba, don haka duka sun samu alfarmarta. Sai dai iska ta yi aikinta.

Iska kuwa ba ta sauri. Wata daminar guda ta faɗi, wata daminar ko ɗaya. Ya riƙa aika saƙo ta bakin Malam Laminu in za shi Maiduguri: saura biyar, saura huɗu. Amsa takan dawo: tana gaishe ka, ta ce ita ma saura kaɗan, ka gaya wa ƙarfenka ya hanzarta. Rumfunan da ke gefensa suka koma shagon cajin waya. Masu wasa suka koma sayen kayan roba da aka fesa wa ruwan zinari, wai a hoto duk ɗaya ne. Yana ta zuwa rumfa dai, ko ba aiki, ya share, ya zauna ƙarƙashin ƙusa. Yanar ido ta rufe masa hagu, ta fara cin dama.

Har aka zo saura biyu, suka tsaya. Damina ta wuce, wata ta wuce, suna nan baƙi wuluk kamar tagwaye. Nan ne abin ya fi ci masa rai, kuma nan ne, in za a faɗi gaskiya, wani ɓangare na zuciyarsa yake jin daɗi. Huseina ta kama shi sarai. Ta ce, "Kai dai ba ka san abin da kake so ba. Da safe ka ce Allah ya tona ta, da yamma ka shafa ta kana murmushi."

Shekarar da Binuwai ta yi ambaliya ta shiga gidajen bakin kogi, danshi ya kama garin har tabarma tana tsiro. Ran nan Huseina ta rako shi rumfa, don ya daina gane hanya shi kaɗai. Ta ɗaga kai ta ce, "Malam, miƙo hannunka." Ta ɗora yatsansa a cikin lotsawar turmin ta guda. Ya ji gari-gari.

"Kore ne?"

"Kamar miyar kuka."

"Ɗayar fa?"

Ta juya ta ciki da waje a bakin ƙofa inda haske yake. "Ko ɗigo. Tana nan yadda ta zo."

Ya ce a ba shi jan zare. Ya ɗaura, ya ƙulla har sau ba adadi, Huseina ta ce, "Ya isa, ba akuya ba ce."

Malam Laminu ne ya kai ta, a naɗe cikin tsumman da aka kawo ta. Da ya isa ya kira a waya, aka kara wa Haladu a kunnen da ya fi ji. Muryar Ya Habsatu ta tsufa ƙwarai, amma bakin yana nan.

"Malam maƙeri, ka tabbata, ko ka gaji ne?"

"Na tabbata, Ya Habsatu. Ba ni na zaɓa ba. Nawa ne suka tona kansu ɗaya bayan ɗaya."

Ya ji motsi da muryar mata a bayanta. Can ta ce, "Ta shiga. Har ta yi mini yawa, sai na naɗa tsumma. Ba ka wanke ta ba."

"Ban wanke ba."

"To na janye Allah ya isan. Rabi. Rabin kuma sai ka aiko mini da ta ƙarshen nan, wadda ta daɗe tana yi mini ƙarya. Hannuna na dama ya gaji da zama haka nan."

Haladu ya ce ta yi kore, sai ya gyara ta. Ta ce ya wanke wannan, ya goge ta da kyau, ba uwar kowa a jikinta.

Ya zauna a bakin rumfa da tsamiya da toka, aikin da ubansa ya fara koya masa, wanda ba ya bukatar ido. Ya goge ta har Huseina ta ce tana ganin giɓinta a ciki. Da Malam Laminu ya sake tafiya ya tafi da ita. Waɗanda suka je sun ce haka tsohuwar take zama a ƙofar ɗakinta, hagu baƙi, dama tana walƙiya, in an tambaye ta sai ta ce wannan ta uwarta ce, wannan kuma ta wani maƙeri ce mai taurin kai a Yola.

Rumfar tana nan, ɗansa Tahir ya ba masu gyaran waya haya. Ƙusar ma tana bango, sun rataye wayoyin caji a kai. Bappa Haladu yana gida a Makama, yana zaune a zaure, ba ya gani sai inuwa. In baƙo ya zo gaishe shi yakan kama hannunsa ya shafa agogo ko zobe, ya ce, "Wannan na kanti ne." Daga cikin gida sai ka ji Huseina ta ce, "Ka ji shi. Yanzu da ido ya tafi ne ya iya tantancewa."